Abin da na koya a shagon kwamfuta

Ƙarshen watan jiya na miƙa mukullin sito na bar shagon kwamfutar da na yi shekaru ina aiki a Kano. Waɗanda suka san layin sun san shagon, ba sai na kama suna ba. Tun da na bari nake son in rubuta wani abu a kan ƙorafin da mutane ke yi da mu, cewa yaran shagon kwamfuta da na waya ba su da mutunci: ranar da ka zo da kuɗi a ba ka kujera har da ruwan sanyi, ranar da ka dawo da kaya kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya kamar bai taɓa ganinka ba. Ƙorafin gaskiya ne. Daga Farm Centre zuwa Titin Beirut, daga Banex a Abuja zuwa Computer Village a Ikeja, duk wanda ya saba sayen kaya ya taɓa gamuwa da wannan fuska. Amma na zauna a bayan kanta, kuma na san inda ake koya wa yaro ita.

A shagonmu albashi ɗan kaɗan ne, abin da ke riƙe mutum la'ada ce a kan kowace kwamfuta da ya sayar. Dokar manaja kuma ita ce: duk kayan da ya dawo, daga la'adar wanda ya sayar za a cire asarar. Ba ruwansa da cewa ba kai ka je Dubai ka zaɓo kayan ba, ba kai ka sa farashi ba. To, yaro mai iyali ya hango kwastoman makon jiya ya doso ƙofa da jaka a kafaɗa, me kake tsammani zai gani? Kuɗin cefanensa ne yake gani yana tafiya. Shi ya sa kafin mutumin ya gama sallama an riga an tanadar masa amsa: wutar NEPA ce ta ƙona ta, janareta ka sa, ruwa ya shiga, yara sun taɓa, ka kai wa wani injiniya ya buɗe. Amsoshin nan ba wanda ya zauna ya koya mana su a aji. Kana ji a bakin na gaba da kai, ka ga an bar masa la'adarsa, kai ma ka ɗauka.

Maigidan kansa, Alhaji, ba mugun mutum ba ne, amma ba ya zama. Yau yana Dubai, gobe yana Guangzhou, in ya dawo kuma littafin ciniki kawai yake dubawa. Ya damƙa komai a hannun ɗan 'yar'uwarsa, wanda muke kira Oga. Abin da Oga ya faɗa masa shi ne labarin shago.

Aikina na farko, kafin a sa ni a kanta, shi ne duba kaya in sun iso. Yawancin abin da ake kira Landan yus kwamfutoci ne da ofisoshi a Amurka da Turai suka yi shekara 3 ko 4 suna aiki da su, suka sauya, dillalai suka tattara. Cikinsu akwai masu lafiya ƙalau, wasu ma sun fi sababbin da ake sayarwa da arha ƙarko, musamman irin su EliteBook da Latitude da ThinkPad da aka ƙera don aikin ofis. Akwai kuma waɗanda batirinsu ya kumbura har ya ɗaga madannai, da waɗanda aka kulle musu BIOS, wato saitin da ke tayar da kwamfuta, da lambar sirri, da waɗanda cutarsu tana kan bod, babban allon da ke haɗa sassan ciki. Waɗannan na ƙarshe su ne masu yaudara. Injiniya zai hura musu iska mai zafi, dalmar da ta saki ta sake kamawa, kwamfuta ta tashi tas. Za ta iya yin kwanaki, za ta iya yin makonni, sannan ta koma inda ta fito. Garantin shagonmu kuwa mako guda ne, an rubuta a ƙasan rasit da ƙananan haruffa, kusa da inda aka ce kayan da aka saya ba a dawo da kuɗi.

Duk wadda na ga irin wannan ciwo a jikinta nakan manna mata jar takarda a ƙasa, in rubuta lambarta a littafina. Ma'anar jar takarda: a cire sassa a sayar, ko a gaya wa mai saye gaskiya a rage masa kuɗi.

Wani dattijo, malamin firamare da ya yi ritaya, ya zo da 'yarsa da ta samu gurbin karatun kwamfuta a jami'a. An ce dole ta zo da laftof. Lokacin kaya sun yi tashin gwauron zabi, don tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma mu duk kayanmu da dala ake sayowa. Na fita sallar azahar, kafin in dawo Oga da kansa ya sallame su. Na dai hango yarinyar tana rungume da jakar suna fita, tana ta murmushi. Da yamma na hau sito na ga ɗaya daga cikin masu jar takarda ba ta nan, takardar kuma tana cikin kwandon shara a dunƙule.

Bayan garanti ya ƙare da 'yan kwanaki suka dawo. Kwamfuta tana kunnuwa, fanka tana juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Dattijon ya zauna ya ciro rasit daga cikin leda, ya ninke shi da kyau kamar takardar gida. Oga ya karɓi kwamfutar, ya juya ta, ya shinshina wajen fanka, ya ce:

"Baba, wannan ai wuta ce ta buge ta. A hostel ɗin nan nasu kowa jona waya yake yadda ya ga dama. Kuma ka ga kwanan wata, garanti ya wuce. Sai dai mu taimaka a gyara, ka biya kuɗin bod."

Yarinyar ta ce ba ta ma tafi makaranta ba tukuna, a gida take, kuma da sitabilaiza take caji. Oga ya yi kamar bai ji ba. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya dubi yaran da ke kanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawar da kai, har idonsa ya tsaya a kaina, wataƙila don ya gan ni da sukundireba a hannu.

"Ɗana, kai ne mai gyara? Tsakaninka da Allah, wuta ce?"

Na ce, "A'a Baba, ba wuta ba ce. Da ciwonta ta zo, ni na duba ta ranar da aka sauke kaya."

Shagon ya yi tsit. Akwai wasu kwastomomi a tsaye, ɗaya ma ya riga ya ciro kati zai biya. Oga mutum ne mai wayo, nan take ya saki fuska, ya ce lallai an samu kuskure a sito, yaran nan ba sa lura. Ya sa aka sauko da wata mai lafiya, ya ba dattijon haƙuri har bakin ƙofa. Dattijon ya yi ta sa masa albarka. Shi, ba ni ba. Wannan bai dame ni ba sosai a ranar.

Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Ƙarshen wata aka cire bambancin kuɗin kwamfutocin biyu daga haƙƙina, ni da ban sayar ba. Da na yi magana Oga ya ce ai ni ne mai duba kaya, in mai ciwo ta kai hannun kwastoma laifina ne. Na ɗauko littafina na nuna masa lambar da ranar, ya ce littafina ba littafin shago ba ne. Aka ɗauke ni daga kanta aka mayar da ni sito gaba ɗaya, inda babu la'ada. Da Alhaji ya dawo daga tafiya, labarin da ya tarar shi ne ina haɗa baki da kwastomomi, ina tura su wasu shaguna ina karɓar kamasho. Na nemi ganinsa. Ya saurare ni a tsaye, mukullin mota a hannu, ya ce, "Ka yi haƙuri, ka bi na gaba da kai. Kasuwa sai da sirri." Bai tambayi littafin ba. Da a ce ya buɗe shafi ɗaya, da ya ga adadin masu jar takarda da suka bar sito ba tare da an rage wa kowa ko sisi ba, kuma da ya tambayi inda bambancin ya shiga. Ina zargin bai so ya sani ba, don ɗan 'yar'uwa ba ya koruwa cikin sauƙi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk cikinmu babu wanda bai san hadisin nan ba, cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Oga a sahun gaba yake salla. Ta ɓangaren hukuma ma, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta a sanar da mai saye in kaya na hannu ne ko gyararre ne, ta kuma ba shi damar mayar da kaya mai aibi. Rubutun ƙasan rasit bai fi doka ƙarfi ba. Amma mai saye bai sani ba, wanda ya sani kuma yana ganin wahalar kai ƙara ta fi kuɗin, sai ya ce ya bar wa Allah. A kan wannan "na bar wa Allah" aka gina lissafin shaguna da yawa.

Zaman sito ya ba ni lokacin lura da wata ƙaramar yaudara da ba ta buƙatar ƙarya ko ɗaya. Kwastoma ya shigo ya ce Core i5 yake so, wato nau'in furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, don abin da aka gaya masa ke nan. A ba shi Core i5. Ba wanda zai ce masa i5 iri-iri ce: wadda lambarta ta fara da 6, kamar i5-6300U, ta 2015 ce, wadda ta fara da 8, kamar i5-8250U, ta 2017 ce kuma ta ninka waccan yawan ƙwayoyin aiki. Windows 11 a hukumance daga zubi na 8, wato masu lambar da ta fara da 8, ta fara karɓa, in ban da 'yan kaɗan, Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Sai a yi dabara a ɗora Windows 11 a kan tsohuwar, mutum ya ga sabon fenti ya biya kuɗin sabuwa. In ya gano daga baya, amsa a shirye take: ai abin da ka tambaya aka ba ka. Ni a wurina wannan ma rashin kula da kwastoma ne, har ya fi ɗaure fuska muni, don da dariya ake yin sa.

Ba na cewa kwastomomi waliyyai ne. Na ga wanda shayi ya zube masa a madannai, ya busar da ita a rana, ya zo yana rantsuwa da kanta ta mutu, alhali ƙamshin madara na tashi da an cire murfi. Na ga wanda ya sauya RAM ɗin ciki, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, da ƙarami ya dawo yana cewa mun cuce shi. Irin waɗannan su Oga ke kafa hujja da su. Sai dai injiniyan da ya san aikinsa yana gane su cikin minti kaɗan, kuma shagon da ke rubuta lambar kowace na'ura da abin da ke cikinta a rasit ba ya shan wahalarsu. Mu ba ma rubutawa. Rasit mara bayani ya fi amfanar wanda ke da abin ɓoyewa.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Mai saye kada ya biya sai an cire caja ya ga batir ya riƙe, an buɗe masa shafin da ke nuna ainihin abin da ke ciki, ba sitikar da ke manne a waje ba, don sitika ana sayar da ita a leda. Ya sa a rubuta lambar na'urar da kwanakin garanti da biro, a sa hannu. Mace in ta shigo ita kaɗai farashi yakan ƙaru, wanda ya zo da ɗan kamasho kuma shi zai biya kuɗin ɗan kamashon ko bai sani ba. Filashin da aka ce 1TB ne a farashin katin waya, ƙarya ne. Yaron da zai shiga aikin shago ya tambayi wa ke ɗaukar asarar kayan da ya dawo tun kafin ya tambayi albashi. Ya ajiye littafinsa, ya kuma ɗauki hoton kowane shafi, ko da za a ce masa ba littafin shago ba ne. In manaja ɗan'uwan maigida ne, ya san cewa ba alƙali a gidan.

Yanzu ina da ɗan tebur na gyara a wata unguwa, rabin shago muke biya ni da mai sayar da caja. Wasu daga cikin tsofaffin kwastomomin can sun nemo ni da kansu, ban kira kowa ba, ko da yake na san labarin da za a kai wa Alhaji ke nan. Yaran da muka yi aiki tare sukan turo mini masu jar takarda a ɓoye in sun dawo, in gyara abin da zai gyaru, in gaya wa mai ita abin da ba zai gyaru ba. La'adata ta watannin ƙarshe a kanta har yau tana hannunsu. Oga ya ce sai Alhaji ya dawo, Alhaji ya dawo ya ce in ga Oga.