Daga Levittown zuwa Montgomery

Kawuna da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York bai bar ni na daɗe ina kallon dogayen benayen Manhattan ba. "Ɗana, shiga mota in kai ka inda Amurkar yau ta samo asali," in ji shi. Muka kama hanyar Long Island har wani gari da ake kira Levittown.

Wurin tsit yake. Tituna masu lanƙwasa, gidaje a jere, kowanne da ciyawa a gabansa da mota a ƙofa. Kafin 1947 gonakin dankalin Turawa ne a nan. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, miliyoyin sojoji sun dawo, kowa na neman aure da wurin zama. Sai kamfanin su William Levitt ya fara gina gidaje irin yadda ake haɗa motoci a masana'anta: waɗannan su zuba daɓen siminti su wuce gaba, waɗancan su kafa katako, wasu su biyo da fenti. Zuwa 1951 an gina gidaje sama da 17,000. Kuɗin gida bai cika dala 8,000 ba, ga firiji ga injin wanki a ciki, kuma dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta sa gwamnati ta tsaya musu wajen karɓar bashi. Ɗan lebura da ya tashi a ɗakin haya sai ga shi da gidan kansa. Haihuwa ta yi yawa, har a 1957 kaɗai aka haifi jarirai fiye da miliyan 4. Talabijin kuwa, a 1950 gida ɗaya cikin goma ke da ita, amma zuwa 1960 ta shiga kusan tara cikin goma.

Gaskiya abin ya burge ni, kuma na faɗa wa Kawu hakan. Ya yi shiru, can ya ce, "Da a lokacin muka zo, ko da kuɗinmu a hannu ba za su sayar mana ba." A takardun farko na gidajen an rubuta cewa wanda ba farar fata ba ba zai zauna a ciki ba, sai dai in ɗan aiki ne. Kotun Ƙoli ta yanke a 1948 cewa kotuna ba za su tilasta irin wannan sharaɗi ba, amma ƙofar ta ci gaba da zama a rufe. A 1957, da William da Daisy Myers, waɗanda baƙar fata ne, suka sayi gida a Levittown ta jihar Pennsylvania, gungun mutane suka taru a ƙofarsu suna jifa. Shi ma mijin tsohon soja ne.

Wannan magana ta sa na nufi kudu. Daga Atlanta na bi babbar hanyar I-85 zuwa Montgomery a jihar Alabama, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Hanyar kanta ɗiyar wancan zamani ce, domin Shugaba Eisenhower ne ya sa hannu kan dokar manyan hanyoyi a 1956, aka tsara mil 41,000. Santsinta har daɗi, sai dai da ta iso Montgomery ta tsakiyar unguwannin baƙar fata aka ratsa da ita, aka rushe gidajensu.

Na sauka a dandalin Court Square, inda a da ake cinikin bayi. A nan Rosa Parks ta hau bas ranar 1 ga Disamba 1955, ta ƙi tashi wa Bature daga kujera, aka kama ta. Daga ranar 5 ga watan baƙar fatar garin suka ƙaurace wa motocin bas har kwana 381. Na taka titin Dexter da ƙafa cikin zafin rana, ina tunanin matan da ke aikatau a gidajen Turawa, waɗanda suka riƙa yin tafiya mai nisa safe da yamma, ga ruwa ga sanyi, ba su gaji ba. Su ne suka fi tsaya mini a rai. Masu motoci kuma suka tsara ɗaukar juna kyauta, 'yan sanda na bin su da tara.

Cocin da Martin Luther King ya yi limanci a cikinsa ƙarami ne, na jan bulo, kuma daga ƙofarsa ana hango majalisar jiha, inda aka rantsar da Jefferson Davis shugaban kudancin da ya ɓalle a 1861. Shekarun King 26 lokacin da aka ɗora masa jagorancin ƙaurace wa motocin bas. A Janairun 1956 aka jefa bam gidansa, matarsa da jaririyarsu na ciki, Allah ya kiyaye su. Ya fito ya roƙi jama'ar da suka taru a fusace kada kowa ya rama. A ƙarshen shekarar kotu ta soke wariya a motocin bas.

Watanni kaɗan bayan haka, a Maris 1957, King ya je Accra bikin 'yancin kan Gana bisa gayyatar Kwame Nkrumah. A can ya gamu da mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Richard Nixon, sai King ya gayyace shi ya zo Alabama ya ga masu neman irin 'yancin da ake yi wa biki a ranar.