Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Inuwar da Aka Bari

Makon jiya na tsaya a inda shaddarmu ta maƙale a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, masu masana'anta suna ta yi mana yau da gobe. Kwana goma sha ɗaya na yi a masaukina na unguwar Xiaobei, ba aikin fari ba na baƙi. Ranar Juma'a, da muka fito daga masallacin nan da mutanen garin ke cewa kabarin Sa'ad bn Abi Waƙƙas yana cikinsa, tafintana, wani yaro Musulmi ɗan ƙabilar Hui, ya dube ni ya ce, "Alhaji, zaman ɗaki zai sa maka ciwo. Gobe zan kai ka ka ga lambu."

Na ɗauka gonar latas da tumatir zai nuna mini irin ta Kadawa. Ashe gida ne.

A Panyu yake, kudu da birnin, a wani gari da ake kira Nancun. Sunansa Yuyin Shanfang. Wani mutum Wu Bin, da ya yi aikin sarauta a Beijin ya ajiye muƙami ya dawo gida, shi ya fara ginin a 1867, ya gama a 1871. Faɗinsa murabba'in mita 1598 ne kacal, wato bai cika fuloti huɗu na Kano ba. Amma wallahi na fi awa biyu a ciki ban ji na gama gani ba. Sun raba shi biyu da wata 'yar gada mai rufi. Gefe guda tafki mai kusurwa huɗu, ɗaya gefen rumfa mai kusurwa takwas a tsakiyar ruwa, kowace taga da abin da take nuna maka. Hanya ba ta miƙe, sai ta karkace, katanga ta tare maka ido, ka ɗaga ƙafa uku sai wani wuri ya buɗe. A wani ɗaki akwai tagogin gilashi shuɗi. Ka leƙa ta guda ɗaya, sai lambun ya koma kamar ƙanƙara ta rufe shi, alhali a garin zufa muke yi.

A bakin tafkin ne na tambayi yaron ma'anar sunan. Ya ce "yuyin" inuwa ce da magabata suka bari, alherin kakanni da ya sauka kan jikoki.

Sai na nemi wuri na zauna, don ƙafata ta ƙi ɗaukata.

Baba Malam, Allah ya jiƙansa, ba ya wuce ɗurumin ƙofar gidanmu bai dafa shi ba. Yakan ce mana, "Mai dasa itace ba don kansa yake dasawa ba." Mahaifinsa ne ya dasa shi. A ƙarƙashinsa muka yi karatun allo, a nan aka ɗaura auren Inna, a nan aka sallaci Baba Malam ɗin kansa. Bai cika shekara biyu a ƙasa ba Yaya Babba ya kawo masu zarto, wai shaguna huɗu za su fito a wurin. Ina Legas na je ɗauko kaya, ko waya bai yi mini ba. Na dawo na tarar da kututture da ƙurar siminti. Har yau idan aka tada maganar yakan ce ai da kuɗin hayar shagunan aka yi wa su Ummi kayan ɗaki. Ni na yi wa Ummi kayan ɗaki, kuma duk gidan sun sani. Shekarun baya da ya kwanta ciwo ni na biya kuɗin magani, ban taɓa goranta masa ba, zumunci na nan. Amma ɗurumin nan ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a rubutun nan in ce na yafe ba.

Su kuwa jikokin Wu Bin ƙari suka yi. A 1922 wani daga cikinsu ya gina wani ƙaramin lambu manne da na kakansa, inda matan gidan ke zama. Sarautar Qing, wato gidan sarautar Sin na lokacin, ta faɗi, an yi yaƙi da Japan, an yi juyin juya hali, itatuwan da ke gaban babban zauren suna tsaye, mutane na sayen tikiti su shigo su gani. Mutanen da ba su san "Mai dasa itace ba don kansa yake dasawa ba" da Hausa ba, su ne na ga sun riƙe ta.

Yaron ya ga idona ya kawo ruwa, ya ce, "Alhaji, ko mu koma?" Na ce a'a, a bar ni tukuna. Na yi La'asar a wani lungu bayan duwatsun da suka jera, na yi wa Baba Malam addu'a.

Da na gina gidana na Hotoro, kafin a sa bulo ɗaya sai da na dasa ɗurumi a ƙofa. Magini ya ce saiwarsa za ta fasa harsashi, na ce a ja ginin baya. Yaya Babba ya zo walima, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, bai ce komai ba.

Shaddar ta fito bayan kwana shida, rabinta ba kalar da muka yi oda ba. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.