Asabar: kwamfutata ta daina huci

Unguwar Rogo, Jos.

Sanyin yau ya kai sanyi. Da asuba sai da na ɗumama ruwa kafin na iya alwala. Amma da na ɗora kwamfutata a cinya wajen ƙarfe takwas, ko minti goma ba a yi ba ta ɗauki zafi kamar dutsen guga, fankarta sai huci take yi. Kwana biyar ke nan tana haka. Ga katin ɗaurin aure da na yi alkawarin miƙawa kafin la'asar, ga wuta an ɗauke tun dare, batirin da ke kai ni awa uku yanzu da kyar yake cika awa ɗaya. In na motsa linzami sai ya yi jim kafin ya bi hannuna.

Na riga na yanke cewa tsufa ne, tun da ta hannu na saye ta, har na fara lissafin kuɗin ƙara mata ram, wato ma'ajiyar da take riƙe abin da take aiki da shi a lokacin. Raina ya ɓaci sosai, don da ita nake samun na kashewa. Kafin na tari keke zuwa Taminus sai na kira abokin Yayanmu mai shagon gyara a titin Ahmadu Bello. Ya ce, "Ƙanwata, kar ki ɓata kuɗin mota tukuna. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki karanta mini abin da kika gani."

Task Manager, wurin da ke nuna duk abin da ke gudana a kwamfuta, ya buɗe. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na lilo tsakanin kashi 85 da 95, ram kuma cikin gigabait 8 sama da 7 a cike, alhali manhajar zane kaɗai na buɗe. Ya ce in danna kan layin da aka rubuta CPU, wato firosesa, mai cin da yawa zai hau sama. Wani suna ne da ban sani ba, kuma ba ɗaya ba, har bakwai a jere masu kama da juna. Na danna masa dama na zaɓi Open file location, ya kai ni kai tsaye cikin jakar wasan ƙwallon da Auta ya saka makon jiya.

Na ce ai wasan a rufe yake. Ya ce ƙwarai, amma manhajar da ke buɗe wasan tana nan daram. Ita ce ke tashi tare da kwamfuta ba tare da an kira ta ba, in kuma aka danna X ba ta mutuwa, sai ta laɓe a kusa da agogo, bayan wata 'yar kibiya da ban taɓa kulawa da ita ba. Yawancin irinsu an gina su ne kamar burauza, shi ya sa kantin sayar da wasanni da tallace-tallace da saƙonnin abokai kowane ke cin nasa kason. In ram ya cika, Windows sai ya riƙa kwashe kaya zuwa faifan ajiyar fayiloli, faifaina kuwa tsohon yayi ne mai juyawa, ba ya kama ƙafar ram a sauri. Nan nawar ta samo asali. Wannan bayani ya shige ni, don na ga ashe ba gazawa ta yi ba, kaya aka yi mata fiye da ƙima.

Sai ya ce in kira Auta in tambaye shi inda ya samo wasan, domin waɗanda ake fasawa a raba kyauta wani lokaci suna zuwa da ɓoyayyiyar manhajar haƙar kuɗin kirifto, kai da zafi da batir, wani da riba. Auta ya shigo yana rarraba ido. Ya rantse daga shafin masu wasan ya sauke. Duk da haka na sa Windows Security ya bincika jakar, bai samu komai ba, alhamdu lillahi.

Na danna End task. Ina kallo lambar firosesa ta zube zuwa kashi 7, fanka ta yi ta lafawa har na ji kukan kajin maƙwabta. Na yi godiya na kashe waya. Da na sake kunna kwamfutar, sai ga su sun dawo su bakwai. Kunya ta hana ni sake kira, na zauna na bi abin da kaina. A shafin Startup na Task Manager na sami manhajar a kunne, na kashe. A cikin saitinta ita kanta na cire izinin tashi da kwamfuta, na ce in an rufe ta ta rufu gaba ɗaya, na hana ta sabunta wasa sai an ba ta umarni. A nan na ga tushen abin: wani sabuntawa ne ya maƙale a rabi, kila tun ranar da intanet ya yanke, tana ta sake duba fayiloli ɗaya ba ta gaba ba ta baya. Na soke shi, na share tarkacen da ta tara. Haka na gane inda datata ta wata ta tafi cikin kwana goma.

Duk wannan Auta na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, don Allah kar ki goge, sati guda na yi ina sauke shi." Da safe da na san shi ne, da na goge ban ko tambaye shi ba. Amma ni da nake aiki da kwamfutar kullum ban san da 'yar kibiyar nan ba, balle shi. Na zaunar da shi na nuna masa yadda zai danna mata dama ya fita in ya gama, muka yi yarjejeniya ba wasa sai an kawo wuta kuma na gama aikina. Umma daga kicin ta ƙara da nata sharaɗin, sai ya dawo daga Islamiyya.

Na sake kunnawa sau biyu don in tabbatar. Ram ya tsaya a kan gigabait 3 da ɗoriya. Na gama katin, na tura, matar da ta ba ni aikin ta ce a ƙara girman sunan ango kawai. Batir bai mutu ba sai da na gyara na sake turawa.

Saura ƙura. Hazon nan ya toshe ramukan iskarta, ina ganinta da ido. Litinin in Allah ya kai mu zan kai wa mai gyaran ya buɗe ya hure, in tafi masa da dankalin da Umma ta ware.