Asabar: Kadabra ya ƙi girma

Ba wuta tun asuba. Waya ta mutu kafin azahar, sai na jawo Game Boy ɗina, tsohuwar na'urar wasan nan ta hannu. Batir biyu kawai take ci, ba ruwanta da caji.

Yaya Binta ta ajiye min Khalifa ta wuce gidan biki. Ya same ni a bakin taga ina ta karkata allon wajen rana.

"Kawu, ka ƙara hasken mana."

Na ce babu wurin ƙarawa, ranar nan ita ce hasken. Ya tsaya yana kallona, ya kasa gane ko wasa nake. Na miƙa masa da sharaɗi ɗaya: kada ya kuskura ya fara sabon wasa ya adana, domin kaset ɗin ajiya ɗaya tak yake riƙewa. Tun da mai gyaran waya ya sauya min ɗan batirin da ke cikinsa na sake farowa daga tushe, ba zan yarda wani ya shafe min wahalata ba.

Pokémon Red ne, wasan da ake kama halittu ana horar da su suna faɗa da juna. A 1996 ya fito a Japan, na Turanci a 1998, wato ya girmi Khalifa nesa ba kusa ba, kuma yaron bai raga masa ba. Me ya sa ɗan cikin ba ya gudu? Me ya sa jaka ba ta ɗaukar fiye da kaya iri 20? Ina kibiyar da ke nuna wa mutum inda zai nufa? Da na gaya masa a shagon cikin wasan keke miliyan ɗaya ne, alhali aljihunka ba ya wuce 999,999, sai da ya faɗi kan tabarma don dariya. "Wannan ai zalunci ne, Kawu."

A wasu wuraren gaskiyarsa. Jemagun nan Zubat da ke tare mutum a kogo sun ishe ni tun ina yaro, yanzu ma haka. Wanda ya naɗe ka da harin nan Wrap kuwa sai dai ka zauna kana kallo ana dukanka. Kuma duk wanda ya riƙe halittun ajin Psychic ya gama da kowa, don ajin Ghost da ya kamata ya zama maganinsa, kuskuren da aka yi wajen haɗa wasan ya sa ba ya ko taɓa shi.

Amma da ya shiga ciyawa ya haɗu da Growlithe, wata halitta mai kama da ɗan kwikwiyo, surutu ya ƙare. Na nuna masa dabarar: ka rage masa ƙarfi, kada ka sumar da shi, sannan ka jefa ƙwallon da ake kama su da shi. Ƙwallo ya girgiza, ya sake girgizawa, Khalifa ya riƙe numfashi har zoɓonsa ya huce a gefe. Wannan ɓangaren bai tsufa ba ko kaɗan. Satoshi Tajiri da ya ƙirƙiro wasan, kamun ƙwari yake yi yana yaro, kuma duk wanda ya taɓa bin fara da damina zai gane abin a take.

Can sai ya leƙa tawagata. "Wannan Kadabra ɗin ya yi ƙarfi haka, yaushe zai zama Alakazam?"

Na ce ba zai zama ba. Sai an yi musaya. Ana haɗa Game Boy biyu da igiya, ka tura wa abokinka, ya rikiɗa a hannunsa, ya dawo maka da shi idan mai amana ne. Haka Haunter, haka Machoke da Graveler. Da gangan kamfanin Game Freak suka gina shi yadda mutum ɗaya ba zai cike kundin halittunsa ba: mai Red ba zai ga Meowth ko Vulpix a dajinsa ba har abada, sai wurin mai Blue, ɗaya kaset ɗin wasan.

"To ba ta intanet ake yi ba?"

"A'a. Sai kuna zaune gwiwa da gwiwa."

"Kai da wa kuke yi?"

Da Sadiq. Shi ne mai Blue, shi ne kuma mai igiyar. A zauren gidansu muke zama bayan Islamiyya, har rigima mun yi a kan wani Gengar, wato Haunter da ya rikiɗa, da ya ce ya fi son zama wurinsa. Yanzu yana can Riyad da iyalinsa, gaisuwar Sallah ce kawai ke haɗa mu, ita ma a guruf. Ban faɗa wa Khalifa duk wannan ba, na ce wani abokina ne. Ya ce to in kira shi mana. Na ce waya ba caji.

Abin ya tsaya min a rai har magariba. Jinkirin wasan da duhun allon duk zan iya jurewa. Abin da ya lalace shi ne rabin wasan yana hannun wani mutum, kuma ba a sayar da shi a kasuwar gwanjo. Ko na samo igiya, wa zai riƙe ɗaya bakin?

Yaya Binta ba ta dawo ba sai bayan isha'i, da alkaki a leda. Khalifa ya roƙa in ba shi aro, na hana. Ya ce to kada in taɓa masa Growlithe ɗinsa, ya sa masa suna Dogo.

An kawo wuta goma saura. Gobe ɗaurin aure da safe, kuma babbar rigata na wurin mai guga.