Patiron Biyu

A Faransanci da kalma ɗaya ake kiran maigidan shago da kuma takardar nan da ake ɗorawa kan yadi a bi gefenta a yanka. Dukansu patiron ne. Ni kuwa na zauna ƙarƙashin kowannensu: shekara 3 a shagon Kawuna kusa da babbar kasuwar Garwa ta Kamaru, sannan shekara 2 a wata cibiyar koyon sana'a inda aka damƙa mini fensir da rula, aka hana ni almakashin yadi har tsawon wata uku.

Kawu ba ya zane. Mutum zai shigo, ya ƙare masa kallo tun daga bakin ƙofa, ya ɗan ja tef a kafaɗa da tsayi don dai hankalin mai kaya ya kwanta, ya ninke shadda gida huɗu, ya ja layi biyu da guntun sabulu, sai ka ji ƙaras ƙaras. Kafin la'asar kaftani ya tashi, kuma zai zauna a jikin mai shi kamar da shi aka haife shi. Shekarata ta farko a wurinsa ban yanka ko aljihu ba. Shara, hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli, kalmasa, aike wurin masu zare. Yaran shagon suna ce masa patiron, ni ina ce masa Kawu, amma tsawar da muke sha iri ɗaya ce.

Sai daga baya na gane abin da ya sa idonsa ke isarsa. Kaftani da jamfa da babbar riga duk miƙaƙƙun layuka ne. Asalinsu daga saƙar hannu suke, ƙananan ƙyallaye masu faɗin 'yan yatsu, waɗanda Fulani ke kira leppi, a jera su a harhaɗa har a sami faɗin da ake so. Tufar da aka gina a kan haka ba ta bin lanƙwasar jiki, daga kafaɗa take rataya ta sauko, iska na shiga. In ka yi kuskuren yatsa ɗaya ko biyu, yalwar rigar ta haɗiye shi. Kuma kusan ba a zubar da komai, ɗan abin da ya fita daga wuya shi ke komawa aljihu.

Rigar mata mai kama jiki ba ta da wannan haƙurin, kuma a kan atamfar amarya na san haka. Ranar Kawu ya tafi ta'aziyya Pitowa. Wata maƙwabciyarmu ta kawo turmi mai zanen tsuntsaye, tana son riga da siket na 'yarta, ta haɗo da tsohuwar rigar yarinyar a matsayin gwaji. Na ce mata, "Inna, ki bar shi kawai, ai na iya." Na shimfiɗa tsohuwar rigar kan atamfa na bi gefenta da sabulu, hannun ma ban farke shi ba, na dai kintata. Don in yi tattalin yadi sai na juya bayan rigar, kai ya koma ƙasa. Da amarya ta saka, tsuntsayen gaba suna tashi sama, na baya suna faɗowa da ka, hammata kuma ta cije ta har ba ta iya kai hannu ga ɗankwalinta. Uwar ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke rigar ta ajiye kan keke, ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta fita. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kwasar adashena ta tafi wajen sayen wani turmin.

Da Kawu ya dawo ya juya rigar ciki waje, ya daɗe yana duban hammatar. Ya ce, "Ɗiyata, almakashi ba ya komawa baya. Wannan yankan ba nawa ba ne, ban iya shi ba balle in koya miki. Je ki inda ake koyarwa." Ban taɓa jin ya ce bai iya wani abu ba sai ranar.

A cibiyar, darasi da Faransanci ake yi, in abu ya cije Madam ta sauko Fulatanci, tunda shi ne harshen da kowa ke ji a Garwa, mu 'yan Hausa kuma mu ƙarasa fassara wa juna a bayan aji. Takardar zane tana da tsada, don haka buhunan siminti na Figil muke nema wurin magina, mu ɓare shafin ciki mai tsabta, mu goge shi da dutsen guga ya miƙe. A kansa na fara koyon raba jikin mutum gida huɗu. A ce ƙirji 96 ne, a ƙara masa 4 na numfashi ya zama 100, a raba huɗu ya ba da 25, sai gaba ya karɓi 26, baya ya tsaya a 24, domin gaba ya fi ɗaukar kaya. Ni da na bar makaranta ina tsoron lissafi, sai ga ni ina raba rabin santimita ba gargada. Ashe lissafin da nake yi wa Kawu na canji da kuɗin zare shi ne dai, riga kawai ya sauya.

Awon kansa wani rikici ne a garinmu. Atamfa da yadi ake sayar da ita, turmi yadi 6, wato kusan mita 5 da rabi. Makaranta da santimita take aiki. Waɗanda suka saba ɗinki a Yola kuwa da inci suke zuwa da awonsu a rubuce. Tef ɗin fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗaya, kuma inci guda santimita 2.54 ne. Wata 'yar ajinmu ta taɓa auna tsayin hannu da fuska ɗaya, faɗinsa da ɗayar, ta fito da wani abu kamar hannun rigar 'yar tsana da aka ja. Mun yi dariya har Madam ta kore mu waje, amma tun ranar duk lambar da na rubuta sai na sa mata alamar ko ta wace fuska ce.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na ƙwarya. Madam ta shigo da ƙwarya ta kife kan tebur, ta ba kowa falle ɗaya na takarda, ta ce a lulluɓe ta ba tare da tattara ba. Muka yi ta fama, ka danne nan, can ya tashi. Da muka gaji sai ta ɗauki tata, ta yanke wani ɗan tsini mai siffar yankan kankana daga gefe zuwa kusa da tsakiya, ta haɗe bakin biyu, takarda ta kwanta kan ƙwarya lumui. Ta ce wannan shi ne pens, tsukin da ake yi wa riga, kuma duk aikinmu ke nan: yadi shimfiɗaɗɗe ne, mutum kuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Bambancin da ke tsakanin awon ƙirji da na ƙugu, shi ake rarrabawa tsakanin tsukin gaba da na baya da ɗinkin gefe. Bakin tsukin kuma ba ya kaiwa kan tudun ƙirji, ana tsayar da shi kamar santimita 2 kafin nan, in ba haka ba rigar ta yi tsini a inda bai kamata ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, tsukin nan yana tafiya. Ka rufe shi a ƙugu, ka tsaga takarda ta kafaɗa, sai ya buɗe can, rigar kuma ta zauna yadda take. Rabin salon da muke gani a hotunan waya muna cewa sabon yayi ne, tsuki ɗaya ne aka sauya wa mazauni. Daren ranar na ɗauko rigar amaryar nan, don ban yar da ita ba, na ga inda na kashe ta: ramin hammata na yanka ƙarami, kan hannun kuma na yi shi daidai da ramin, alhali ana so ya ɗan fi shi tsawo a shigar da rarar a hankali don kafaɗa ta sami wurin juyawa.

Ta kuma sa kowa ya sayo rigar gwanjo guda, mu farke ta da reza ɗinki bayan ɗinki, mu goge, mu jera gutsattsarin a ƙasa. A nan na ga yadda zaren yadi ke da hanyarsa, na tsaye ba ya miƙewa, na karkace yana ja kamar roba, shi ya sa siket ɗin da aka yanka a karkace yakan zubo gefe ɗaya bayan wanki biyu. Kafin a taɓa yadin mai kaya kuma sai an gwada patiron a kan akoko. Abin da ke ba ni dariya, audugar nan a gonakin da ke kewaye da mu ake nomanta, hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON a Garwa take tun kafa shi a 1974, masaƙar CICAM ma tana garin, amma mu ɗalibai tsofaffin zannuwan gado muke tsinta mu yi gwaji da su.

Goggona da ta ga tarin ƙyallayen da yankan patiron ke bari, sai ta riƙe baki ta ce wannan yankan Nasara almubazzaranci ne. Ba ta yi ƙarya ba. Lanƙwasa tana cin yadi, daidaita zanen atamfa a gaba da baya ya fi ci. Yanzu kafin in karɓi kaya nakan buɗe turmin a gaban mai shi in nuna mata inda zanen ya dosa, in gaya mata ko zai isa har da ɗankwali ko ba zai isa ba.

Na fito da takardar shaida ina ji da kaina, har ina ganin Kawu a matsayin mutumin da. Ba a yi wata biyu ba takarda ta kunyata ni. Wata Hajiya, ƙawar Innata, ta kawo leshi. Na auna ta wuri goma sha wani abu, na zana, na gwada, rigar ta fito kamar a littafi. Ta saka ta tsaya gaban madubi, kyau kam ba magana. Sai ta ɗaga hannu biyu kamar za ta yi kabbara, rigar ta biyo ta sama. Ta nemi zama kan tabarma, siket ya ce bai san zancen ba. Ta ce, "'Yata, wannan ta tsayuwa ce. Ni kuwa a gidan biki zama nake yi, in lokaci ya yi in yi salla."

Jadawalin girman riga da muka haddace na lamba 38 da 40 da 42 an gina shi ne a kan matan da ke zama kan kujera a wata ƙasa. Bai san mai goyo ba, bai san mai shayarwa da ke son zif a gaba ba, bai san wadda za ta durƙusa ta gaida surukarta ba. Wannan kallon da Kawu ke yi wa mutum daga bakin ƙofa, wanda na ɗauka burga ce, ashe awo ne. Yana duba yadda mutum ke tafiya, ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ko mai son sakewa ne. Na koma ina yin nawa irin. Kafin in ɗauko tef sai na tambayi ina za a je da rigar. Wajen auna ƙugu nakan ja mace da hira har ta yi dariya, don kusan kowa na shanye ciki in ta ga tef, dariya ce ke sakinsa. Littafi ya ce a bar santimita 1 ko 1 da rabi na ɗinki, ni a gefe 3 nake bari, saboda wadda aka auna a tsakiyar azumi ba ita ce za ta sa rigar bayan Babbar Salla ba, kuma turmi ba abin da ake saye kullum ba ne.

Inda takarda ta biya ni kuwa shi ne 8 ga Maris. Duk shekara ana fitar da atamfar ranar mata, ƙungiyoyi su yi anko su fita fareti. Wata ƙungiyar adashi ta kawo mini nata, mata goma sha huɗu, salo ɗaya, kwana tara. Ga zafin Maris na Garwa da ke haura digiri 40, ga wuta tana zuwa tana tafiya, sai keken ƙafa. Na zana patiron ɗaya na tsakiya, na ƙara na rage na fitar da girma huɗu, sannan na gyara wa kowace nata a kan wanda ya fi kusa da ita. Da ido ne da ban gama ba. Sai dai da na zauna lissafi na ga kwana biyun da na yi ina zane ba wanda ya biya su, don mutanenmu ƙarar keke suke biya, zaman fensir a wurinsu hutu ne. Yanzu ina sa shi cikin kuɗin aiki ba tare da na ambata ba, kuma patiron ɗin duk mai zuwa a kai a kai yana rataye a ƙusa da alamarta, in ta dawo ba sai mun sake daga farko ba.

Kwanakin baya wani yaron shagon Kawu ya zo, yana ta kame-kame, wai a ba shi aron patiron na hannun riga, samari sun dame su da kaftani mai kama jiki irin na yayi. Na tambaye shi wa ya aiko shi, ya ce ba kowa. Na ba shi. Bayan kwana huɗu ya dawo da shi a naɗe cikin jarida, na buɗe na ga an bi kan hannun ta baya da guntun sabulu, an rage kusan rabin santimita. Na kwafe gyaran a wata takardar na rataye su ƙusa ɗaya. Ban gwada nasa ba tukuna, kayan Salla sun yi mini yawa.