Sai da na sayi bishiyar fulam sau biyu

Shekarar da muka tare a gidanmu na Birmingham, na tarar da ɗan fili a baya wanda bai wuce shimfiɗar tabarma goma ba, babu komai sai ciyawa. Ni kuwa a Zariya na tashi, a gidan da mangwaro da gwaiba suka cika tsakar gida, idona bai saba da fili fayau ba. Mangwaro ba ya jure sanyin Ingila, sai na ce bari in dasa fulam, ɗan itacen nan mai ƙwallo ɗaya da ke tuna mini da ɗinya, sai dai ya fi ta girma da ruwa nesa ba kusa ba.

Ta farkon a wani babban kanti na saye ta, a watan Afrilu, cikin tukunyar roba, an jera su a bakin ƙofa kusa da buhunan gawayi. Hoton jikin takardar ne ya ja ni, ga kuma araha. Ban tambayi komai ba.

Cikin shekara huɗu ta wuce tagar ɗakin sama, ta tare wa maƙwabcinmu rana, 'ya'ya kuwa ba su cika kwano ba. Maigida ya ce, "Hajiya, wannan ai ba bishiya kika sayo ba, rigima ce." Cikin fushi na ɗauki zarto a watan Janairu na sare rabin rassan. Da bazara ganyen ya fito da wani ƙyalli kamar an shafa masa azurfa. Dattijon maƙwabcin namu ya yanko reshe guda ya nuna mini cikinsa, ya yi ruwan ƙasa. Ashe cuta ce da ke shiga ta raunin sara a lokacin sanyi da danshi, shi ya sa masu abin ba sa datse fulam sai tsakiyar lokacin zafi. Shekara biyu ta ƙara, muka tumbuke ta.

Dattijon ne kuma ya fahimtar da ni abin da na riga na sani tun a gida, na manta. Kamar mangwaro mai aure, fulam ɗin da ake sayarwa yawanci bishiya biyu ce a haɗe. Na sama shi ke ba da irin 'ya'yan, gindin kuma shi ke yanke iya tsayin da za ta yi. Gindin St Julien A yana kai ta mita 4 ko fiye, Pixy kuwa yana tsayar da ita wajen mita 3, amma yana son ƙasa mai kyau, da ban ruwa, da sandar tokari. Takardar tawa ta farko ko sunan gindin babu a jikinta.

Karo na biyu wurin masu renon dashe na je, a watan Nuwamba. Daga nan zuwa Maris ne ake sayar da su da saiwa tsirara, babu ƙasa babu ganye, kai ka ce bulala ce. Sun fi na tukunya sauƙin kuɗi, kuma kana ganin saiwar da idonka. Na juya guda biyar kafin in ɗauki ɗaya, ina laluben ƙullin auren ko ya warke sumul, ina duba ɓawon ko yana tsatso da ƙaro.

Kowa irin fulam da ake kira Victoria yake nuna mini, don ita ce ta kowa a ƙasar nan, kuma ba ta buƙatar wata bishiyar kusa da ita kafin ta yi 'ya'ya. To amma tana nuna ne a ƙarshen Agusta, daidai lokacin da muke gida Najeriya da yara hutun makaranta. Rina da tsuntsaye zan noma wa ke nan. Sai na zaɓi Marjorie's Seedling a kan gindin Pixy: ita ma tana yi ita kaɗai, tana nuna a ƙarshen Satumba, furenta kuma ba ya saurin fitowa, don haka yakan tsallake sanyin nan mai ƙone fure. A zaƙi dai, gaskiya, ba ta kai wasu ba idan aka yi gaggawar tsinka.

Da na zo dasawa na bar ƙullin auren a saman ƙasa, na kafa sanda, na ɗaure.

A shekara ta huɗu ta yi 'ya'ya kamar an liƙa su. An ce in rage su tun suna ƙanana a watan Yuni, hannuna ya kasa, ina ganin almubazzaranci ne. Wata safiya na fito na tarar da reshe guda a ƙasa, ya tsage da nauyinsa. Yanzu ina ragewa, ina kawar da kai.

Bara ƙanena ya ga hoton kwandon da na cika, ya ce, "Yaya, ki taho mini da ƙwallon in shuka a Samaru." Na ce masa ƙwallo ba ya gadon uwarsa, kuma wannan irin sai ya sha watannin sanyi mai tsanani yana barci kafin ya yi fure, hunturunmu bai kai nan ba. Ya ce duk da haka in kawo. Guda shida na wanke na shanya masa a bakin taga.