Ma'aunin da ya fi ƙofar hasken girma

Har yau gabana yana faɗuwa in na tuna lambar da na shigar wa kwamfuta a wancan Afrilun, lokacin da zafin Sakkwato ke kan ganiyarsa. Muna shirin gashi da hasken radiyeshon ga wani ƙari a ƙwaƙwalwa, ɗan mitsitsi, dab da mahaɗar jijiyoyin gani, inda ba a son hasken ya haura Gy 54 (da Gy ake ƙidaya yawan hasken da jiki ya sha).

Siffanta hasken bai ba ni wahala ba. Yatsun ƙarfen tungsten na MLC, ɓangaren na'urar gashi mai tsara siffar ƙofar da haske ke fita, masu faɗin milimita 5, na juya kan na'urar har suka kwanta daidai da gefen ƙarin, na bar tazara saboda gefen haske dushi-dushi yake. Ba irin zamanin narka Cerrobend, ƙarfen tare haske, a digiri 70 ana zubawa a mazubi ba.

Awon ne ya cuce ni. Ƙofar hasken ta tsuke zuwa kusan santimita 1, ni kuwa na tsoma ma'aunin haske na Farmer mai cc 0.6 cikin tankin ruwan da ke tsayawa a madadin jikin mutum, wanda na saba da shi kullum. Cikinsa ya haura santimita 2 a tsawo. Tsakiyarsa kaɗai haske ke bugu, sauran na inuwa, sai ya ba da lamba ƙasa da gaskiya. Kwamfuta kuwa abin da ka ba ta take ci: ta ga haske ya yi kaɗan, ta ƙara lokacin buɗewa. Da mun bi tsarin nan, da majinyacin ya sha fiye da kima, kusa da idanunsa.

Babban abokin aikina ne ya duba takardar, ya ce, "Malam, da wane ma'auni ka auna wannan?" Na yi tsit. Na san labarin Toulouse ta Faransa, inda irin wannan kuskure ya shafi mutum 145 tsakanin 2006 da 2007, amma hannu ya bi sabo.

Kwana biyu muka sake awo da ƙaramin ma'auni na dayod, muka gyara lambobin da jadawalin TRS-483, littafin ƙa'idojin awon ƙananan ƙofofin haske na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, wanda ya fito a 2017. Yanzu ƙofa in ta gaza santimita 3, Farmer a akwatinsa yake kwana, kuma sai ma'auni biyu sun yarda da juna kafin lamba ta shiga kwamfuta. Na ma manna takarda a murfin akwatin, da jan biro.